Yadda za a tsara motsa jikin matasa ya zagaye shekara, zafi ko ruwa ko sanyi

Tambayar da iyaye da malaman makaranta da masu horar da ƙananan ƙungiyoyi suka fi yawan aikowa ita ce wannan: yaro yana ta wasanninsa lafiya ƙalau, da yanayi ya juya sai ya zauna, a yi wata biyu ko uku bai yi gudun da zai sa shi haki ba, yaya za a yi? Wasu kuma akasin haka ne ya dame su. Yaron bai fasa fita ba, amma kullum yana dawowa da ciwon kai ko tari ko targaɗe.

Tushen matsalar guda ne. An ɗora motsa jikin a kan wuri ɗaya da lokaci ɗaya, fili kaza da ƙarfe kaza, ran da rana ko ruwa ko duhu ya ƙwace wannan wuri da wannan lokaci, shi ke nan komai ya tsaya cak. Idan yanayi ya canza, abu uku ake canzawa: lokaci, wuri, da nauyin aikin. Jimillar mintunan mako kuwa ita ake ƙoƙarin riƙewa. Ga yadda ake bin abin daki-daki.

1. Ku san adadin da ake nema

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce yaro ko matashi daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 60 a rana idan aka yi rabon daidai a mako, wato minti 420 ke nan a kwana bakwai. A cikin waɗannan kwanaki, aƙalla uku su ƙunshi aiki mai ƙarfi da kuma wanda ke ƙarfafa tsoka da ƙashi, irin su gudu da tsalle da hawa. Wanda ya kai 18 ya koma lissafin manya: minti 150 zuwa 300 a mako na matsakaicin aiki, ko 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, da ƙarfafa tsoka sau biyu.

Ba sai an sayi wata na'ura ba kafin a gane nauyin aiki. A sa yaron ya yi magana yana cikin yi. In yana iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba, matsakaici ne. In kalma uku ko huɗu kawai yake iya haɗawa sai ya ja numfashi, mai ƙarfi ne. In yana rera waƙa babu ko haki, wannan yawo ne, yana da amfaninsa amma kada a saka shi cikin lissafin.

A lura da kalmar rabon daidai, domin ita ce ƙofar da za a riƙa bi duk shekara. Ranar da ruwa ya hana fita aka samu minti 30, ana iya cike gibin da minti 90 a wata rana.

2. Ku auna abin da yake yi yanzu

A samu littafin rubutu da biro. Har kwana bakwai, kowane dare a rubuta abu huɗu: me ya yi, minti nawa, a ina, da ƙarfe nawa. Tafiya makaranta a ƙafa ko a keke ta shiga, wasan lokacin tara ya shiga, aikin gida mai sa gumi ya shiga.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne lissafa lokacin da aka yi a fili maimakon lokacin da aka yi ana motsi. Yaro zai ce ya yi awa biyu a wajen ƙwallo, alhali rabi ya tafi a jiran a raba 'yan wasa da gardamar wa zai tsare raga. A rubuta abin da jiki ya yi kawai.

Idan mako ya cika, a ja layi a ƙarƙashin duk abin da aka yi a waje. Yawanci za a tarar kusan dukkan mintunan a ƙarƙashin layi suke, kuma a taƙaice cikin awa ɗaya ko biyu na yamma. Waɗannan su ne mintunan da yanayi zai fara cinyewa.

3. Ku raba kalandar shekara

Sunan lokaci ba shi ne abin dubawa ba. Wata ƙasa damina da rani gare ta, wata lokuta huɗu, kuma watan da ake kukan sanyi a arewacin duniya shi ne ake fama da zafi a kudancinta. Don haka a ɗauki kalanda, a bi wata goma sha biyu, kowane wata a rubuta abin da ke hana fita a cikinsa a inda kuke: zafi, ruwa, sanyi, ƙura da hazo, ko saurin faɗuwar rana. Wani watan zai ɗauki biyu.

Kada a raina maganar hasken yamma. Wani bincike da aka wallafa a 2014, wanda ya duba yara sama da 23,000 a ƙasashe 9 da na'urar auna motsi a jikinsu, ya nuna cewa a Turai da Ostireliya yara sun fi motsi a ranakun da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba. Inda dare ke saurin yi, yaro na tasowa daga makaranta duhu ya riga shi zuwa fili.

Daga nan sai a sa alama ta daban a kan makonni biyun farko na kowane sauyi. Nan ne aka fi samun rauni da rashin lafiya, domin jiki bai saba ba tukuna, ɗabi'a kuma tana nan a kan tsohon tsari. A ƙara alama a kan lokacin jarrabawa da dogon hutu, za mu zo kansu a mataki na 9.

4. Wuri biyu, lokaci biyu, kaya kaɗan

Kafin yanayi ya juya, a tabbatar an san amsar tambaya biyu: in ba a samu fili ba, ina za a yi? In yamma ba ta yiwu ba, yaushe za a yi? Wurin ajiya, wato inda za a koma in fili ya gagara, na iya zama ɗaki ko baranda ko zauren makaranta. Faɗin taku uku da tsawon taku uku ya ishi mutum ɗaya, muddin ƙasan ba ya santsi, akwai iska, kuma hannu ba zai kai ga fanka ba in an yi tsalle.

Kayan da ake bukata ba su da yawa: gorar ruwa ta lita ɗaya ga kowane yaro, igiyar tsalle, tabarma, agogo, hula, da takalmin da ƙasansa bai suɗe ba. Tsawon igiya ana gane shi ne in yaro ya taka tsakiyarta, bakinta biyu su kai hammatarsa. Ƙungiya kuma ta ƙara da sikeli, bokiti biyu, tawul-tawul da akwatin taimakon gaggawa. In kuɗi bai kai a sayi komai ba, a fara da takalmi da gora. Tsadaddiyar riga ba ta taɓa hana kowa zamewa ba.

Gargaɗi: yaron da ke da asma, sikila, ciwon zuciya, ciwon sukari ko farfaɗiya, a kai shi likita ya duba tsarin kafin a fara. Mai horarwa ya san da zancen, kuma ya san inda maganin yake.

5. Lokacin zafi

Wannan mataki ya fi kowanne tsawo domin zafi na iya kisa cikin awa guda.

*Sabo tukuna.* Jiki na ɗaukar kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi. A wannan tsakanin ne yake koyon fara gumi da wuri, ya yawaita shi, ya rage gishirin da ke fita a ciki, bugun zuciya kuma ya sauko. Don haka kwana biyun farko a yi rabin lokacin da aka saba, cikin sauƙi. Daga kwana na 3 zuwa na 6 a kai kashi biyu bisa uku. Daga na 7 a fara ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan, sai bayan mako biyu a koma cikakken horo ko a buga gasa. Wanda ya yi fashin mako guda ko fiye, ko ya taso daga zazzaɓi ko gudawa, ya koma baya ya sake hawa, kada a jefa shi cikin waɗanda suka riga suka saba.

*Lokaci.* Hasken rana ya fi ƙuna daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, iska kuwa ta fi zafi bayan rana ta karkata, wajen 2 zuwa 4. Mafi sanyin lokaci shi ne daf da fitowar rana. Aiki mai ƙarfi a mayar da shi sassafe ko la'asar sakaliya. A tuna siminti da kwalta da ciyawar roba suna riƙe zafi har bayan rana ta yi sanyi. A ɗora bayan hannu a ƙasa, in ba a iya daɗewa ba, a nemi wani wuri.

Lambar da ke kan ma'aunin zafi kaɗai ba ta isa ba. Gumi ba ya sanyaya jiki sai ya bushe, in iska cike take da danshi sai ya yi ta tsiyaya a banza. A gasar tsere ta duniya da aka yi a Doha a 2019, an fara gudun fanfalaki na mata da tsakar dare don gudun rana, amma saboda zafi da danshi, cikin 68 da suka fara 40 ne kawai suka kai ƙarshe. Waɗannan ƙwararru ne da likitoci a gefensu. Saboda haka ranar da aka ji gari ya ɗaure, babu iska, riga na manne wa jiki, a rage aiki ko da rana na cikin gajimare.

*Ruwa.* A sha kofi ɗaya ko biyu awa biyu kafin a fara. Ana cikin yi, a tsaya duk minti 15 zuwa 20 a inuwa. Ɗan shekara 9 zuwa 12 yana shan mililita 100 zuwa 250 a kowace tsayawa, manyan matasa masu yawan gumi kuma sukan buƙaci lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa. Hutun shan ruwa ba ragwanci ba ne. A gasar cin kofin duniya ta 2014 a Brazil, alƙalin wasa ya tsayar da wasan Holan da Meziko don 'yan wasa su sha ruwa su huce. Mai horarwar da ke hana yara ruwa wai don su yi tauri, ko yake sa hana ruwa ya zama horo, yana wasa da rai ne, kuma ya kamata iyaye su taka masa burki.

Hanyar gane ko ana shan abin da ya isa: a hau sikeli kafin a fara da bayan an gama, da kaya marasa nauyi. Kowane kilo ɗaya da ya ragu, kimanin lita ɗaya ce ta ruwa ta fita. Kada ragin ya wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, wato kilo ɗaya ga mai kilo 50. A mayar da lita ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi a kan kowane kilo, a hankali cikin 'yan awanni, tare da abinci. Inda babu sikeli a duba fitsari: mai haske-haske alama ce mai kyau, mai duhu kuma kaɗan yana nufin akwai bashin ruwa.

Gargaɗi: yawan ruwa ma na da illa. In yaro ya fi nauyi bayan an gama, ya sha fiye da kima, kuma hakan na iya tsinka gishirin jini har a kai ga ruɗewa. Lemon ƙara kuzari mai kafeyin kuwa ba na yara ba ne, balle a fili.

*Sutura.* Mara nauyi, sakakkiya, mai hasken launi. Sanya rigar leda ko suwaita don a yi gumi a rame kuskure ne babba. Ruwa ne ke fita, kitse na nan daram.

*Alamun haɗari.* Ɗaurewar tsoka, jiri, ciwon kai, tashin zuciya, kasala, fata ta yi sanyi da jiƙe: jiki ya gaji da zafi. A kai shi inuwa, a sassauta kaya, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafu, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, a yi masa fifita. Ya gama na ranar ke nan, ko ya ce ya warke. In bai samu sauƙi cikin minti 30 ba, asibiti.

Amma da zarar hankali ya taɓu, yaro ya fara surutai, ko tangaɗi kamar mai maye, ko faɗa babu dalili, ko bai gane inda yake ba, ko ya faɗi, to a ɗauka zafin cikinsa ya haura digiri 40. Kada a ce ai yana gumi don haka ba komai, mai wannan hali sau da yawa jiƙe yake sharkaf. Mutum ɗaya ya nemi mota ko motar asibiti, sauran su fara sanyaya shi nan take: a tsoma jikinsa cikin ruwan sanyi zuwa wuya ana riƙe da kansa, in babu abin tsomawa a yi ta kwara masa ruwa ana fifita, ana canza jiƙaƙƙun tawul a wuya da hammata da matse-matsi. Ba a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa, kuma farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi. A ci gaba da sanyayawa har a kan hanya.

6. Lokacin ruwa

Yayyafi ba ya hana wasa, tsawa ce ke hanawa. In an ji tsawa, ko daga nesa ne, an riga an shiga inda aradu ke iya kaiwa. Ƙara na tafiyar kimanin kilomita ɗaya a daƙiƙa uku, don haka in tsakanin walƙiya da tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin bai wuce kilomita 10 ba. A bar fili, a shiga gini mai bango da rufi ko mota mai rufin ƙarfe a rufe gilasai. Ba a komawa sai an yi minti 30 cur daga tsawar ƙarshe, kuma kowace sabuwar tsawa na mayar da lissafin farko.

Gargaɗi: gindin bishiya, rumfar da ba ta da bango, jikin turken raga da shingen waya, duk wuraren da yara ke rugawa ne, kuma su ne mafi muni. Wanda aradu ta faɗa wa ba ya ɗauke da lantarki a jikinsa, a taɓa shi, in ba ya numfashi a fara danna ƙirji ana neman taimako.

Bayan ruwa ya ɗauke, babba ya zagaye filin da ƙafa kafin yara su shiga. Ruwa na tono kwalba da ƙusa, yana kuma ɓoye rami a ƙarƙashin taɓo. A rage wasan da ke buƙatar juyawa da sauri ko tsayawa kwatsam, domin a nan idon sawu da gwiwa ke tafiya. Takalmi mai ƙusoshi na ciyawa da laka ne, a kan jiƙaƙƙen siminti ya fi komai santsi.

Da an gama a cire jiƙaƙƙun kaya, a wanke ƙafa, a goge tsakanin yatsu sosai. Takalmi a zare shimfiɗar cikinsa, a cusa masa takarda, a ajiye inda iska ke kaɗawa. Kusa da wuta gam ɗinsa ke saki. Safa biyu ko uku da ake juyawa sun fi magani arha.

Kududdufi da rafin da ya cika ba wurin iyo ba ne. Ba a ganin zurfinsa, igiyar ruwan na ƙasa ta fi yadda ake gani a sama, kuma a yankunan da ake da tsargiya, ta fata take shiga. Inda sauro ke kawo zazzaɓi, a tashi daga fili kafin magariba.

7. Sanyi, ƙura da hazo

Tsoka mai sanyi ba ta son gaggawa. Wasa jinin da ke ɗaukar minti 5 lokacin zafi, a kai shi 10 zuwa 15: tafiya da sauri, sassarfa, jujjuya kafaɗu da ƙugu, ɗaga gwiwa, sannan gajerun gudu uku ko huɗu ana ƙara sauri. Miƙe jijiya a tsaye wuri ɗaya a bar shi sai ƙarshe, lokacin da jiki ya yi ɗumi.

Sutura a yi ta hawa-hawa: ta ciki mai saurin bushewa, ta tsakiya mai ɗumi, ta waje mai tare iska. Riga biyu ko uku marasa kauri sun fi guda ɗaya mai kauri, domin ana iya cire ɗaya in jiki ya ɗau zafi. Auduga na shan gumi ta riƙe, ana tsayawa sai ta koma kamar jiƙaƙƙen tsumma a baya. In yaro ya fito yana jin ɗumi sosai tun bai fara ba, kayan sun yi yawa. Haɗarin sanyi yakan zo ne bayan an gama, ana tsaye ana hira da jiƙaƙƙiyar riga iska na bugawa. Busasshiyar riga ta kasance a jaka. A ƙasashen da ƙanƙara ke zuba, a rufe kunne da yatsu, in fata ta yi fari ta mutu a shiga ciki a ɗumama ta da ruwa mai ɗumi, ba a murzawa.

Ƙishirwa na raguwa lokacin sanyi amma ruwa bai daina fita ba, ta gumi da ta numfashi. Gora ta ci gaba da zuwa fili. Ga mai sikila wannan ba abin wasa ba ne, sanyi da ƙarancin ruwa duka suna tayar da ciwon.

Busasshiyar iska mai sanyi na ƙuntata hanyar numfashi. Yaron da ke tari ko numfashinsa na fito, ko yake kama ƙirji 'yan mintuna bayan ya fara gudu ko bayan ya tsaya, kada a ce masa rago, a kai shi a duba asma. Wanda aka riga aka sani, abin shaƙarsa ya kasance a gefen fili, kuma in likita ya ce ya shaƙa kafin wasa, kimanin minti 15 kafin a fara ake yi. Rufe baki da hanci da mayafi mara kauri na ɗumama iskar.

Ranar da ƙura ko hayaƙi ya rufe gari har ba a hango nesa, a koma ɗaki. Mai gudu na zuƙar iska ninki goma ko fiye na wanda ke zaune, kuma ta baki, inda babu gashin hanci da zai tace. Takunkumin yadi ba ya tare ƙananan ƙwayoyin ƙura. A shafa mai a leɓe da ƙafa don kaushi da faso, mai yawan haɓo kuma ya ɗan shafa a bakin hanci.

Inda duhu ke saurin yi, a matso da wasan kusa da tashi daga makaranta, a ci abinci kaɗan a fita, aikin gida ya biyo baya. Mai gudu ko keke a gefen titi ya sa kaya masu haske, mai keke kuma da fitila gaba da baya.

8. Zaman ɗaki na minti 30

Wannan shi ne abin da ake ciro wa duk ranar da waje ya gagara. Minti 5 na farko tafiya a wuri ɗaya da jujjuya gaɓoɓi. Sai aiki biyar, kowanne daƙiƙa 40 a huta 20: tsallen igiya, tsugunawa da miƙewa (dugadugai a ƙasa, baya a miƙe), dogara hannuwa a ƙasa ana sauke ƙirji ana ɗagawa (wanda bai iya ba ya sa gwiwa a ƙasa), hawa da sauka a matakala ta farko, sai kifa ciki a dogara da gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe kamar katako. Zagaye ɗaya minti 5 ke nan. A yi huɗu, a rufe da minti 5 na miƙe jijiya. Sabon shiga ya fara da zagaye biyu, ya ƙara ɗaya duk mako.

In siffar aikin ta lalace, baya ya lanƙwashe ko gwiwoyi na haɗewa, a tsaya ko lokaci bai cika ba. A buɗe taga ko da sanyi ake, kuma kada a yi a ɗakin da aka kunna gawayi ko kusa da janareta, hayaƙinsu na kisa ba tare da an ji warinsa ba.

Ƙananan yara ba sa jure lissafin daƙiƙa. A mayar musu da shi wasa, a yi gasar wa zai fi yawan tsalle, ko a sa kiɗa a yi rawa.

9. Hutu, jarrabawa, da 'yan mata

Makaranta na ba yaro motsin da ba a lura da shi: tafiya, lokacin tara, darasin wasanni, tashi da wuri. Dogon hutu na kwashe wannan gaba ɗaya, kuma a ƙasashe da dama yana faɗowa ne a tsakiyar zafi. Tun ranar farko ta hutu a tsayar da lokacin tashi da lokacin fita, in aka bari mako ya wuce waya ta riga ta karɓe wurin. Lokacin jarrabawa a rage, kada a yanke: minti 20 zuwa 30 tsakanin karatu da karatu, da barcin awa 8 zuwa 10 ga 'yan shekara 13 zuwa 18.

Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 a kan ɗalibai miliyan 1.6 daga ƙasashe 146 ya gano kashi 81 cikin 100 na 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa samun motsin da ya isa, maza kashi 78, mata kashi 85. Wadda dama mintunanta kaɗan ne, duhu ko ruwa na zuwa sai su ƙare ƙaf. In wurin ajiya ɗaya ne a gida ko a makaranta, a yanka wa 'yan mata lokacinsu a rubuce, in ba haka ba maza za su mamaye. Al'adar wata ba ta hana motsi, wadda ta ji ciwo ta koma tafiya da miƙe jiki, mai yawan jiri ko zubar jini da yawa kuma a duba mata ƙarancin jini.

10. Komawa bayan an yanke

Duk tsari wata rana zai yanke. Ƙarfin numfashi na fara sauka bayan mako biyu na zama, amma yaro a ransa yana nan inda ya tsaya, shi ya sa ranar farko yake fita da dukkan ƙarfinsa ya dawo yana ɗingishi. A fara da rabin abin da aka saba. Kowane mako a ƙara abu ɗaya kawai, ko lokaci ko ƙarfi, kada a haɗa biyun. In fashin ya kai wata guda, a ba shi mako uku zuwa huɗu kafin gasa.

Tsamin jiki na kwana ɗaya zuwa uku ba komai ba ne, motsi mara nauyi na sassauta shi. Ciwon da ke wuri ɗaya a kan ƙashi ko gaɓa, musamman ƙasan ƙoƙon gwiwa ko dunduniya ga yaron da ke cikin girma, ko wanda ke sa ɗingishi, ko ya zo da kumburi, wannan a tsaya a nuna wa likita. Sannan a ɗauko littafin nan na mataki na 2, a sake cike kwana bakwai a tsakiyar kowane sabon yanayi, a ajiye shafin kusa da na baya a ga inda mintunan suka zube.